Girma Cikin Kristi Daga Ajin Baftisma Zuwa Furfura: Jagora ga Ɗan Ikilisiya

Mutane da yawa a ikilisiyoyinmu suna ɗaukar baftisma a matsayin ƙarshen karatu. Mutum ya yi watanni a ajin baftisma, ya haddace amsoshin da dattawa za su tambaye shi, aka yi masa baftisma, aka ba shi kati, daga nan kuma ba wanda ya sake tambayarsa yadda tafiyarsa da Ubangiji take, sai ranar da ya zo neman a ɗaura masa aure ko ranar da ya faɗi cikin wani laifi. Bayan shekara ashirin za ka same shi yana zuwa sujada kowace Lahadi, yana ba da baiko, wataƙila ma yana riƙe da muƙami, amma saurin fushinsa yana nan yadda yake, gabar da yake yi da ƙaninsa a kan gonar gado ba ta mutu ba, abin da ya sani na Littafi Mai Tsarki kuma bai wuce wanda ya fita da shi daga makarantar Lahadi ba. Marubucin wasiƙar Ibraniyawa ya koka a kan irin wannan hali a sura 5, aya 12 zuwa 14, inda ya ce wa masu karatunsa ya kamata a ce sun zama masu koyarwa, amma ga shi har yanzu madara suke bukata.

Matakan da ke ƙasa na mai bi ne wanda ba ya son ya tsaya a nan, namiji ko mace, da kuma fasto ko dattijon da yake son ya taimaki tumakin da aka damƙa masa. An jera su bisa yadda rayuwa ta saba tafiya, daga sabon tuba zuwa tsufa, amma ba a gama ɗaya a rufe shi sannan a shiga na gaba; wanda ya kai shekara saba'in yana bukatar mataki na uku kamar yadda ɗan shekara goma sha biyar yake bukatarsa.

Mataki na ɗaya: Ka zauna a ikilisiya ɗaya har a san ka

A biranen kamar Jos, Kaduna, Yola da Abuja ya zama ruwan dare mutum ya yi sujada a nan wannan mako, mako mai zuwa ya tafi inda ya ji ana taron mu'ujizai, bayan wata guda kuma ya koma bin wa'azi a waya daga ɗakinsa. Wanda yake yin haka yana jin wa'azi da yawa, amma babu mutum ko ɗaya da ya san halinsa har ya iya ce masa, "Ɗan'uwa, wannan abin da kake yi bai dace ba." Bulus ya rubuta wa Afisawa, a sura 4 aya 11 zuwa 16, cewa jikin Kristi yana girma ne sa'ad da kowace gaɓa take aikinta a haɗe da sauran. Bisa wannan koyarwa, girman mai bi da girman ikilisiyarsa a ɗaure suke.

Saboda haka ka zaɓi ikilisiya guda, ka rubuta sunanka a cikin membobinta, ka zauna. Abubuwan dubawa wajen zaɓi ba su da yawa: ana karanta Littafi Mai Tsarki ana bayyana shi yadda yake, ko kuwa ana ɗaukar aya ɗaya a gina maganar kuɗi a kanta kowane mako? Ana karanta wa membobi rahoton kuɗin ikilisiya? Shugabanni suna ƙarƙashin wata majalisa da za ta iya tsawata musu? Wurin yana kusa da gidanka yadda za ka iya zuwa taron tsakiyar mako ko da damina? Wannan tambaya ta ƙarshe ana yawan raina ta, alhali Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma ikilisiyar da sai ka shiga mota biyu kafin ka isa da wuya ta zama gidanka. Idan aiki ko karatu ya kai ka wani gari, ka karɓi takardar shaida daga fastonka ka miƙa wa ikilisiyar da ka samu a can tun cikin watan farko, domin yawancin waɗanda suka yi sanyi cikin bangaskiya sun fara ne daga ƙaurar da ba su shaida wa kowa ba.

Mataki na biyu: Ka ɗauki ajin baftisma da gaske, sannan ka nemi wanda zai riƙe ka

Ikilisiyoyi sun bambanta a wannan wuri. ECWA, EYN da Baptis suna yi wa wanda ya furta bangaskiya da bakinsa baftisma, Anglikan, Lutheran da Katolika kuma suna yi wa jarirai baftisma, daga baya yaro ya shiga ajin tabbatarwa. Ko ta wace hanya ka shigo, akwai ajin da ake koyar da tushen bangaskiya: wane ne Allah, mene ne zunubi, me Kristi ya yi a kan gicciye, Dokoki Goma, Addu'ar Ubangiji, da ma'anar Jibin Ubangiji. Kada ka shiga ajin don kawai tsararka sun shiga ko don aure ya matso. Ka yi tambaya a kan duk abin da ba ka gane ba, musamman batun Allah ɗaya cikin Uku da batun kiran Yesu Ɗan Allah, domin a ƙasarmu maƙwabcinka zai tambaye ka waɗannan ko ba jima ko ba daɗe, kuma ya cancanci amsa mai ladabi daga wanda ya fahimci abin da ya gaskata.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne makon da ya biyo bayan baftisma. Kada ka jira ikilisiya ta shirya maka. Ka je da kanka wurin wani mai bi da ya girme ka cikin bangaskiya, namiji wurin namiji, mace wurin mace, ka roƙe shi ya riƙa zama da kai sau ɗaya a mako biyu na tsawon shekara guda. Ba dole ba ne ya zama fasto, sau da yawa ma gara kada ya zama fasto, domin Baba Fasto yana da mutane ɗaruruwa a wuyansa. Ka duba wanda gidansa yake da salama, wanda ba a jin sunansa cikin tsegumi, wanda 'yan kasuwa suka yarda da mudunsa. A zamanku ku karanta sura ɗaya, ka faɗa masa gaskiyar inda kake fama, ku yi addu'a. Wannan shi ne almajirantarwa, kuma haka Barnaba ya yi wa Shawulu, wato Bulus, sa'ad da almajiran Urushalima suke tsoronsa, kamar yadda Ayyukan Manzanni 9:26-27 suka nuna.

Wanda ya zo ga Kristi daga gidan da ba na masu bi ba yana bukatar wannan riƙo fiye da kowa, domin sau da yawa ya rasa wurin kwana da abinci da dangi a lokaci guda. Ikilisiyar da ta yi masa tafi ranar baftisma amma ba wanda ya buɗe masa ƙofar gidansa, ba ta gama aikinta ba.

Mataki na uku: Ka kafa wa kanka lokacin Magana da addu'a

Muna da gata wanda bai kamata mu saba da shi har mu manta ba. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a shekarar 1932, bayan aikin shekaru masu yawa wanda Dokta Walter Miller na Zariya ya jagoranta tare da masu taimako Hausawa, aka kuma fitar da sabuwar fassara a 1979. Kakanninmu da yawa a Filato, Adamawa, kudancin Kaduna da Borno sun koyi karatu ne a ajin yamma na mishan domin kawai su iya buɗe wannan littafi da kansu. Yau yana cikin waya kyauta, har da na sauraro ga wanda bai iya karatu ba, amma karanta shi ya ragu.

Ga yadda za ka fara. Ka ware lokaci guda da ba ya canzawa, ga yawancin mutane da asuba kafin gida ya tashi, ko da minti ashirin ne. Ka ajiye wayar idan kana da bugaggen littafi, domin saƙon WhatsApp ɗaya ya isa ya cinye lokacin duka. Sabon mai bi ya fara da bisharar Markus, surori 16 ne kawai, labarin kuma yana tafiya da sauri; daga nan Yohanna, Ayyukan Manzanni, sai gajerun wasiƙu kamar Filibiyawa da Yakubu. Sabon Alkawari yana da surori 260, wato wanda yake karanta sura ɗaya kullum zai gama shi cikin wata tara. Littafi Mai Tsarki mai littattafai 66 yana da surori 1,189. Sura uku kowace rana da biyar ranar Lahadi za su kai ka ƙarshensa cikin shekara guda. Ba na ba sabon tuba shawarar ya fara da wannan tsari, domin mutane da yawa sun fara da ƙwazo a Farawa suka maƙale a Littafin Firistoci suka daina gaba ɗaya, amma duk wanda ya shekara biyar cikin bangaskiya ya kamata ya taɓa ratsa littafin daga farko zuwa ƙarshe.

A kan kowace sura ka yi wa kanka tambaya uku, ka rubuta amsar a ɗan littafin rubutu: me wannan wuri ya faɗa a kan Allah, me ya faɗa wa mutanen da aka fara rubuta wa, me kuma zan yi dabam yau saboda shi? Tambaya ta biyu ita ce take tsare mutum daga ɗaukar kowace aya a matsayin alkawarin da aka yi masa shi kaɗai. Abin da ya shige maka duhu ka kai shi taron binciken Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, domin fassarar da mutum ya ƙulla shi kaɗai a ɗaki, ba wanda ya gwada ta, ita ce mafarin ɓata da yawa. Mutanen Biriya sun sami yabo a Ayyukan Manzanni 17:11 saboda suna bincika Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Idan an gwada wa'azin Bulus, babu mai wa'azin da ya fi ƙarfin a gwada nasa.

Game da addu'a, ka bar abin da ka karanta ya ba ka bakin magana. Wanda bai san abin da zai faɗa ba ya ɗauki Zabura ɗaya ya maimaita ta da kalmominsa, ko ya bi Addu'ar Ubangiji jimla jimla yana faɗaɗa kowace ɗaya. Ka riƙe jerin sunayen 'yan ikilisiyarku kana yi wa biyu ko uku addu'a kowace rana, har da wanda ba ku shiri. Ka kuma haddace aya ɗaya a mako. Waɗanda suka taɓa gudun hijira ba tare da sun ɗauki ko tsinke ba sun san darajar abin da ke cikin kai.

Mataki na huɗu: Ka shiga zumunta, ka ɗauki aiki ɗaya

Sujadar Lahadi ba ta isa mutane su san juna ba. A ƙananan ƙungiyoyi ne ake sanin wanda ba shi da lafiya da wanda aikinsa ya tsaya: Zumuntar Mata, Zumuntar Maza, ƙungiyar matasa, mawaƙa, ƙungiyar bishara ta Sabon Rai, Birged na yara maza da mata, da sujadar unguwa da ake yi gida gida. Ɗalibi ya nemi FCS, zumuntar ɗalibai Kirista wadda aka fara a Gindiri a 1957, ko wata zumuntar ɗalibai a makarantarsa. A ganina, Zumuntar Mata ita ce makarantar almajirantarwa mafi ƙarfi da ikilisiyoyin Arewa suka samar, domin a cikinta ake haɗa haddar aya da waƙa da ziyarar mai jego da zaman makoki da tara hatsi don gwauraye, babbar mace tana koya wa ƙarama kamar yadda Titus 2:3-5 ya umarta. Maza suna da abin koyo a wurinsu.

Ka ɗauki aiki guda wanda za ka iya riƙewa da aminci: shara, koyar da makarantar Lahadi, karɓar baƙi, ziyarar asibiti, fita bishara ƙauye. Amma a kula, yawan hidima ba shi ne girma ba. Akwai wanda yake coci kwana shida a mako, yana cikin kwamiti huɗu, amma 'ya'yansa ba su taɓa jin ya yi addu'a a gida ba. Ma'aunin da Nassi ya bayar yana Galatiyawa 5:22-23, wato ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u da kamunkai, kuma waɗanda suka fi iya gaya maka ko waɗannan suna ƙaruwa a cikinka su ne matarka ko mijinki, yaran shagonka da maƙwabtanka. Sau ɗaya a shekara ka tambayi mutum biyu daga cikinsu, ka yi shiru ka saurara ba tare da kare kanka ba.

Mataki na biyar: Ka koyi sulhu, ka kuma koyi karɓar gyara

Wannan shi ne wurin da yawancin masu bi suke tsayawa, kuma shi ne dalilin da ya sa ba a iya girma a waje da jama'a. Duk wanda ya zauna a ikilisiya ɗaya shekara goma, tabbas wani zai ɓata masa rai, shi ma zai ɓata wa wani. Za a yi zaɓen dattawa a tsallake shi, za a faɗi maganar da ba haka take ba a kansa, wani ɗan'uwa zai karɓi rance ya yi shiru. Abin da mutum ya yi a wannan lokaci shi ne yake nuna ko karatun da yake yi da asuba ya shiga jikinsa.

Yesu ya ba da tsari a fili a Matiyu 18:15-17. Da farko ka je wurin wanda ya yi maka laifi, kai da shi kaɗai. Idan bai ji ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu. Idan har yanzu ya ƙi, sai a kai maganar gaban ikilisiya. Mu kuwa mun saba juya tsarin: unguwa duka ta ji, dandalin zumunta na waya ya ji, wanda ake magana a kansa shi ne na ƙarshen ji. Kafin ka tafi wurinsa ka yi addu'a, ka tsai da abu guda da za ka faɗa, ka faɗi abin da ya faru da yadda ya taɓa ka ba tare da tono laifofin shekarun baya ba. Idan kuma kai ne mai laifi, Matiyu 5:23-24 ya ce ka bar baikonka a gaban bagade ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Neman gafara na gaskiya ba ya ɗauke da "idan na yi maka laifi". Yana ambaton laifin da sunansa, yana kuma mayar da abin da aka ci, ko kuɗi ne ko iyakar gona ko sunan da aka ɓata.

Jibin Ubangiji shi ne lokacin da aka tanada domin wannan bincike. Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 11:28 kowa ya gwada kansa kafin ya ci gurasar ya sha ƙoƙon. Da zarar an sanar da ranar jibi, ka ɗauki makon a matsayin wa'adin gyara duk abin da ke tsakaninka da wani. Akwai masu ƙaurace wa teburin shekara da shekaru saboda suna riƙe da wani a zuciya, suna ganin wannan tsoron Allah ne. Abin da ayar take nufi shi ne a gyara a zo, ba a zauna da gaba a daina zuwa ba.

Sai batun horo. Idan mai bi ya faɗi cikin zunubin da ya fito fili, ikilisiyoyinmu da yawa sukan dakatar da shi daga jibi da hidima na wani lokaci. Wanda aka sa a ƙarƙashin horo yakan ji kunya ya gudu zuwa wata ikilisiyar da ba a san shi ba, can kuma ya maimaita abin da ya yi. Shawarata gare shi ita ce ya zauna, ya ci gaba da zuwa sujada, ya karɓi dattijon da zai riƙa ganawa da shi. Ga shugabanni kuma akwai magana mai nauyi: manufar horo maidowa ce, Galatiyawa 6:1 ta ce a yi ta da ruhun tawali'u, 2 Korantiyawa 2:6-8 kuma ta ce a gafarta wa wanda ya tuba a ƙarfafa shi don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Horon da ake yi wa yarinyar da ta yi ciki a bar saurayin, ko a yi wa talaka a kau da kai daga mai ba da babban baiko, yana koya wa matasa cewa ikilisiya tana da ma'auni biyu. A sanar da maidowa a fili kamar yadda aka sanar da horon. Yohanna Markus ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiya har suka rabu a kansa, amma a 2 Timoti 4:11 Bulus da kansa ya ce a zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi.

Mataki na shida: Ka kai bangaskiyarka cikin gida da sana'a

Shekarun aure da renon yara da neman abinci su ne mafi tsawo a rayuwa, su ne kuma lokacin da gajiya take cinye ibada ba tare da mutum ya lura ba. Kafin aure ka shiga ajin shawara da fasto tun kafin a sa rana, kada kuma ka ci bashin da zai bi ka shekaru saboda biki. Bayan aure ku kafa sujadar iyali tun daren farko: waƙa ɗaya, 'yan ayoyi, addu'a, minti goma sun isa. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ɗora koyar da yara a wuyan iyaye, a zaune cikin gida da a tafe a hanya, malamin makarantar Lahadi mataimaki ne kawai. Timoti ya gaji bangaskiyarsa daga kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. Ku bar yara su riƙa karanta ayar da kansu, ku kuma bari su ji kuna neman gafarar juna.

A wurin aiki, girma yana bayyana a mudu, a rasit, a sa hannu kan takardar da ba gaskiya ba, a yadda ake biyan ɗan ƙwadago kafin rana ta faɗi. Ka tsara bayarwarka, zakka da baiko da taimakon mabukata, tun ranar da albashi ko amfanin gona ya shigo, ba daga abin da ya rage ba, kuma kada ka ɗauke ta a matsayin jarin da Allah zai biya da riba. Zamanka da maƙwabta Musulmi ma yana cikin wannan mataki: gaisuwa, ta'aziyya, barka, riƙon amana. Mutane da yawa ba za su taɓa shiga coci ba, abin da za su sani game da Kristi shi ne abin da suka gani a wurinka.

Mataki na bakwai: Kada ka janye a lokacin wahala

Akwai lokacin da addu'a za ta yi maka nauyi, karatu ya zama ba ɗanɗano, ko rashin haihuwa, rashin lafiya da mutuwa su sa ka tambayi inda Allah yake. Wannan ba alamar ka faɗi ba ce. Zabura 13, 42 da 88 addu'o'in mutanen da suka shiga irin wannan hali ne, kuma an sa su cikin Nassi domin mu yi amfani da su. Kuskuren da ake yi shi ne a daina zuwa taro har sai an ji daɗi. Ibraniyawa 10:24-25 ta gargaɗe mu kada mu bar yin taro, sai dai mu ƙarfafa juna. Ka ci gaba da zuwa ko da ba ka iya buɗe baki ka yi waƙa ba, ka faɗa wa mutum ɗaya amintacce gaskiyar halin da kake ciki, idan kuma damuwar ta hana ka barci da cin abinci makonni, ka ga likita, domin neman magani ba rashin bangaskiya ba ne.

Ikilisiyoyin yankinmu sun san wahala ta gama gari. EYN, wadda ta faro daga sujadar da aka yi a gindin tsamiya a Garkida a 1923, ta ga an sace 'yan matan Chibok a watan Afrilun 2014, yawancinsu 'ya'yanta, a watan Oktoba na wannan shekara kuma aka mamaye hedikwatarta a Kwarhi. A watan Janairun 2015 an ƙone majami'u a Zinder da Yamai. Masu bin da suka warwatse sun ci gaba da sujada a sansanonin gudun hijira da gidajen 'yan'uwan da suka karɓe su. Ga wanda ya rasa nasa ta wannan hanya, gafara ba aikin rana ɗaya ba ce, kuma bai kamata a matsa masa da ayoyi tun hawayensa ba su bushe ba. A zauna da shi, a ciyar da shi, a bar shi ya faɗi abin da ya gani.

Mataki na takwas: Ka koyar, ka miƙa, ka tsufa cikin jama'a

Wanda ya shekara goma yana karɓa, lokaci ya yi da zai zama mai bayarwa. Bulus ya gaya wa Timoti ya damƙa abin da ya ji ga amintattun mutane waɗanda za su iya koya wa waɗansu kuma. Ka ɗauki matashi ɗaya ka yi masa abin da aka yi maka a mataki na biyu. Idan kana son ƙarin ilimi ba tare da barin aikinka ba, ka tambayi fastonka game da karatun tauhidi na gida da aka fi sani da TEE. Wanda kuma yake jin kira zuwa cikakkiyar hidima akwai makarantun tauhidi irin su TCNN a Bukuru, makarantun ECWA a Jos da Kagoro, da na ikilisiyar COCIN a Gindiri, amma ya bari ikilisiyarsa ta tabbatar da kiran kafin ya tafi.

Idan aka zaɓe ka dattijo ko shugabar mata, ka fara shirya magajinka tun shekarar farko, ka kuma sauka idan wa'adinka ya cika. Rigingimu da yawa da suka raba ikilisiyoyi sun taso ne daga tsofaffin da suka yi aiki mai kyau amma suka kasa sakin kujera. Saukar da aka yi da farin ciki, a zauna a benci ana goyon bayan wanda aka haifa a gabanka, tana daga cikin gwaje-gwaje mafi wuya na tawali'u.

Tsufa yana rage ƙarfi amma ba ya kawo ƙarshen hidima. Zabura 92:14 ta ce masu adalci za su ba da 'ya'ya har cikin tsufa, Luka 2:36-38 kuma ya ba da labarin Hannatu, tsohuwar gwauruwa wadda ba ta rabuwa da Haikali, tana sujada da azumi da addu'a dare da rana. Baba ko Mama da ƙafa ta gaza za su iya karɓar jerin sunayen marasa lafiya da ɗalibai da masu bishara na ƙauyuka su riƙa yi musu addu'a, su karɓi sababbin ma'aurata su ba su shawara, su ba jikoki labarin yadda bishara ta shigo garinsu. A wannan lokaci ne kuma ya kamata a kira 'ya'ya a bayyana yadda za a raba gado, a rubuta a sa shaidu, a biya bashi, a nemi waɗanda aka yi shekaru ba a magana da su.

Ikilisiya ma tana da nata aikin a nan. Majalisar dattawa ta riƙe sunayen duk tsofaffin da ba sa iya fitowa, ta raba su ga ƙungiyoyin zumunta domin kowane ɗaya ya sami ziyara aƙalla sau ɗaya a wata, fasto ya kai musu Jibin Ubangiji gida duk lokacin da aka ci a coci, matasa su riƙa zuwa suna karanta wa wanda idonsa ya raunana. Yakubu 5:14 ya ce marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, saboda haka iyalin tsoho su sanar da fasto da wuri, kada su jira sai ciwo ya yi tsanani.